Minti huɗu zuwa Wadamisaki

Tun kafin in baro gida na gaya wa ƙanena cewa cikin kwana 9 da zan yi a wurinsa a birnin Kobe na ƙasar Japan, akwai wani jirgin ƙasa da lallai nake so in shiga. Shi a zatonsa Shinkansen nake nufi, jirgin nan mai gudun walƙiya da duk wanda ya je Japan yake ɗaukar hoto a gabansa. Da na ce masa a'a, wani ɗan guntun layi ne da bai cika kilomita 3 ba, mai kai ma'aikata masana'antar ƙera jiragen ruwa, sai ya yi shiru a waya. Can ya ce, "Yaya, shekarata biyu a garin nan, ban taɓa jin labarinsa ba."

Ban ga laifinsa ba. Shi ne autanmu, bai yi wayo a zamanin da Baba yake aikin reluwe a Zariya ba. Ni kuwa da kukan jirgi na tashi. Na san warin baƙin mai a jikin kakin Baba, na san yadda Inna take tashi tun asubar fari ta dama koko don kada ya makara, kuma a unguwarmu jirgi ne agogon kowa. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, amma har yau duk garin da na sauka sai na nemi tasharsa. Manyan jirage ba su cika ɗaɗa ni da ƙasa ba. Waɗanda suke shiga raina su ne ƙananan da ba a sa hotonsu a kalanda, masu ɗaukar talaka zuwa wurin neman abincinsa.

Layin Wadamisaki ake ce masa. Ya taso daga tashar Hiyogo ya miƙa kudu zuwa bakin teku, kilomita 2.7, tasha biyu rak, ta tashi da ta sauka. A takarda reshe ne na babban layin Sanyo, kuma kamfanin JR West ne yake tafiyar da shi.

Ranar Talata muka fara gwadawa. Mun isa Hiyogo wajen ƙarfe 11:30 na safe, muka sauko daga dogayen dandamalin babban layi, muka bi alama har wani lungu a ƙasa inda aka jera ƙofofin duba tikiti na daban. Babu kowa. Allon da ke nuna lokacin jirgi yana nan a kunne, amma jirgin da ya nuna sai bayan la'asar. Ƙanena ya tambayi wani ma'aikacin tasha, mutumin ya ɗan rusuna ya yi masa bayani: wannan jirgi da safe yake aiki da kuma yamma, daga hantsi har bayan la'asar hutawa yake. A ranakun aiki sawu 17 yake yi, je ka ka dawo. Ranar Asabar ya ragu, ranar Lahadi kuwa sawu 2 ne kawai, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Na karanta wannan tun a gida, amma a raina na ɗauka ko ba komai za a samu ɗaya da rana. Babu. In ma'aikata sun shiga aiki, jirgin ba shi da wanda zai ɗauka.

Na ce wa auta tunda mun zo, mu bi layin da ƙafa. Ya dubi takalmina ya ce, "Yaya, za ka iya?" Muka kama hanya.

Wannan ɓangare na Kobe ba shi ne wanda baƙi suke zuwa gani ba. Babu tsaunin Rokko a kusa, babu gidajen Turawan da na unguwar Kitano. Ƙananan gidaje ne a matse, da tukwanen furanni a bakin ƙofa, da kekuna a jingine, sai garejin walda, sai ɗakin ajiyar kaya, sai doguwar katangar masana'anta. Dogon ya ratsa ta tsakaninsu, layi ɗaya tal. A mararraba ta farko da titi ya tsallaka dogo na tsaya na sunkuya. Idona ya san wannan faɗin. Milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfen nan biyu, ƙafa 3 da inci 6, daidai da tsohon dogon da ya taso daga Legas ya bi ta Zariya ya shiga Kano. A kan irinsa muka yi ta tsalle muna yara, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, manya suna yi mana tsawa. Ban zaci zan tarar da shi a ƙarshen duniya ba. Shinkansen yana da nasa dogon mai faɗi, amma yawancin tsofaffin layukan Japan a kan wannan siririn suke.

Asalin layin ba don mutane aka yi shi ba. A 1888 wani kamfani mai zaman kansa, Sanyo, ya fara shimfiɗa dogo daga Hiyogo zuwa yamma, aikin da sai a 1901 ya kai Shimonoseki, can ƙarshen babban tsibirin Japan. Ƙarafan dogo da injuna daga ƙasashen waje ake kawo su ta ruwa, a sauke a gaɓar Wadamisaki, saboda haka sai aka ja ɗan layi daga bakin ruwa zuwa inda ake aiki. Wato shi ne ya ɗauko kayan da aka haifi babban layin da su. A 1890 aka buɗe shi don dakon kayan jama'a, a 1895 tashar ƙarshe ta samu sunan da take amsawa yau, a 1906 gwamnati ta karɓe shi tare da dukan layukan kamfanin. Kafin nan, a 1905, Mitsubishi ya kafa masana'antar ƙera jiragen ruwa a tsinin ƙasar nan, domin kalmar misaki ma'anarta ke nan, ƙasar da ta yi tsini ta shiga teku. Da ma'aikata suka yawaita, sai aka fara ɗaukar fasinja a 1911, shekarar da dogo ya isa Kano.

Ba mu yi nisa ba muka iske masana'antar Kawasaki, wadda take ƙera taragai. Tana nan tun 1906, kuma wani reshen dogo ya fito daga cikinta ya haɗe da wannan layi. Sababbin taragai da yawa ta nan ake jawo su a fito da su duniya. A wannan wuri aka ƙera taragai masu yawa na Shinkansen, har da na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York. A gaban ofishinsu sun ajiye kan tsohon Shinkansen na farko, fari da shuɗi, mai zagayayyen hanci. Na nuna wa auta na ce, "Ga naka nan." Ya ɗauki hoto.

Abin da ya tsayar da ni sosai gadar ce.

Akwai mashigin ruwa da aka haƙa da hannu a nan, mashigin Hiyogo, wanda aka gama a 1899. Dalilin haƙa shi, tsinin Wadamisaki wuri ne mai iska da igiyar ruwa, ƙananan jirage sun sha kifewa wajen zagaya shi, sai aka yanka musu hanya ta bayansa. To amma dogo ya riga ya ratsa ta wurin. Yaya za a yi jirgin ƙasa ya wuce, na ruwa ma ya wuce? Sai aka yi gada mai juyawa. Ginshiƙi ɗaya ne zagayayye a tsakiyar ruwa, gadar ƙarfe tana zaune a kansa kamar faifai a kan tukunya. In jirgin ruwa ya zo, sai a murɗa ta, ta juya ta bi tsawon ruwan, hanya ta buɗe hagu da dama. In ya wuce a mayar da ita. Ita ce mafi tsufa cikin gadojin dogo masu motsi da suka rage a Japan. Yanzu an daina juya ta, an kafe ta wuri ɗaya, amma ginshiƙin yana nan, da duwatsunsa da ruwa ya ci, da tsatsa a gindin ƙarfen. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, in kana cikin jirgi kafin ka ce me ka wuce ta. Ruwan ƙarƙashinta a kwance yake, kore-kore, wasu agwagin ruwa suna iyo. Na daɗe a tsaye a wata gadar ƙafa ina kallonta, ina tunanin mutumin da aikinsa ke nan a da, ya fito cikin sanyi ya murɗa ƙarfe don wasu su wuce. Da Baba yana nan da sai ya sauka ya leƙa ƙarƙashinta ya ga yadda aka ɗora ta.

A nan muka haɗu da wani dattijo, da 'yar hularsa da kyamara a wuya. Shi ya fara yi mana magana, da ya ga baƙi biyu sun tsura wa tsohuwar gada ido. Auta ya rusuna ya gaishe shi, ya zama tafintanmu. Ashe tsohon mai walda ne, a masana'antar jiragen ruwan ya ƙare aikinsa, kuma wannan jirgi ya shiga safe da yamma har ya yi ritaya. Ya ba mu labarin taragan da, waɗanda suka yi aiki har 1990: tsofaffi ne, an cire kusan dukan kujerunsu don a samu wurin tsayuwa, an fasa musu babbar ƙofa a gefe ɗaya, ga injin dizal a gaba ga wani a baya, don kada a ɓata lokacin juya kan jirgi. Da bazara, in ji shi, mutum yakan isa wurin aiki rigarsa ta riga ta jiƙe. Bayan su aka kawo wasu masu injin a jikinsu, su ma aka toshe yawancin ƙofofinsu na gefe guda, tunda a tashoshin biyu duk ta gefe ɗaya ake sauka. A watan Yulin 2001 aka sa wa layin lantarki, aka kawo wani jirgi shuɗi kalar sararin sama, samfurin 103, mai tarago 6. Wannan shuɗin ya yi aiki har watan Maris na 2023, kuma da zai tafi mutane sun yi ta zuwa daga nesa suna ɗaukar hotonsa. Dattijon ya buɗe kyamararsa ya nuna mana shi a kan gadar nan, inuwarsa a cikin ruwa.

Na lura da hannunsa lokacin da yake latsa maɓallin. Bayan hannun duk ƙananan tabo ne farare, irin na tartsatsin walda. Na sa auta ya gaya masa mahaifinmu ma ma'aikacin dogo ne. Ya dube ni da kyau, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai. Ni ma na dafa ƙirji. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan, kuma ya ishe ni.

Daga gadar zuwa gaba kaɗan, a da akwai tasha ta uku a tsakiya, Kanebo-mae, wadda aka buɗe a 1912 saboda ma'aikatan wata babbar masaƙar auduga. Ruwan bama-baman da jiragen Amurka suka yi wa Kobe a 1945 ya cinye masaƙar, tashar ma aka soke ta a 1962. A filin da masaƙar take, yau lambu ne da filin ƙwallo. Ina hango rufin filin gabana ya faɗi, don na san shi, ko da yake ban taɓa taka ƙasar ba. A nan Najeriya ta buga da Suwidin ranar 7 ga Yunin 2002, a gasar cin kofin duniya. A gida da sanyin safiya muka kalla, an cika falon wani maƙwabcinmu har taga. Julius Aghahowa ya sa kai ya ci, ya yi ta alkafura, unguwa ta ɗauki ihu. Daga baya Henrik Larsson ya rama, ya ƙara ta biyu da bugun fanareti, aka tashi 2 da 1. Ita ce ƙwallo ɗaya tilo da muka ci a gasar gaba ɗaya. Yanzu filin gidan ƙungiyar Vissel Kobe ne, inda Iniesta ya buga daga 2018 zuwa 2023. A lambun muka samu gefe muka yi sallar azahar da la'asar, muka ci curin shinkafa mai kifi a ciki, naɗe da baƙin ganyen teku, wanda auta ya sayo a kanti bayan ya karanta bayan ledar layi-layi.

Tashar Wadamisaki kanta ba ta da abin kallo in ba a lokacin jirgi ba. Dandamali ne guda, dogo, da rumfa, da wuraren fita ta gefe kai tsaye zuwa titi. Babu mai sayar da tikiti, babu ƙofar dubawa, domin duk wanda ya shiga jirgin nan wuri ɗaya zai sauka, saboda haka a Hiyogo ake gama lissafi. Dogon ya ƙare a jikin wani tudun tsayarwa. Tsallaken titi kuwa katangar Mitsubishi ce, da manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya ja da fari sun miƙe sama a bayanta.

Ba a shiga, ba a kuma ɗaukar hoto yadda aka ga dama, kuma akwai dalili. Jiragen yaƙi masu nutso na Japan duk a Kobe ake ƙera su, Mitsubishi da Kawasaki suna karɓa-karɓa. A wannan masana'anta aka ƙera Shinkai 6500, ɗan jirgin binciken da yake kai mutum zurfin mita 6,500 a ƙarƙashin teku. A nan aka ƙera Hakone Maru a 1968, jirgin kwantena na farko na Japan, kafin shi kuma jiragen da suka kwashi Japanawa masu ƙaura zuwa Birazil da Ajantina bayan yaƙi. Kamfanin Mitsubishi Electric ma daga sashen lantarkin wannan wuri ya ɓalle a 1921, har yau kuma yana da masana'anta a unguwar. A 2012 aka daina ƙera jiragen kasuwanci a nan, na ƙarshe mai dakon motoci ne. Aiki bai ƙare ba, ya dai sauya: jiragen nutso, da kayan tashoshin nukiliya, da manyan injuna. A cikin harabar akwai wata tsohuwar hasumiyar dutse ta tsaron gaɓa da aka gama a 1864, shekara 4 kafin a buɗe tashar ruwan Kobe ga baƙi, amma ganinta sai an nemi izini tun da wuri, mu kuwa ba mu nema ba.

Akwai wani tarihi da nake so mai karatu ya sani, domin katanga ba ta faɗar sa. A 1921 ma'aikatan Mitsubishi da na Kawasaki, kimanin mutum 30,000, suka shiga yajin aiki suna neman a amince da ƙungiyarsu ta ƙwadago, a riƙa zama da ita ana ciniki. Shi ne yajin aiki mafi girma da Japan ta gani kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin jagororinsu akwai Kagawa Toyohiko, wani malamin Kirista da ya zauna cikin talakawan Kobe. An fito da 'yan sanda da sojoji, an kama shugabanni, an yi asarar rai, kuma a watan Agusta ma'aikata suka koma aiki ba tare da sun samu abin da suka nema ba. Shekara 2 kafin haka, a 1919, wani yajin ya sa Kawasaki ya karɓi tsarin aikin awa 8 a rana, akwai ma dutsen tunawa da hakan a bakin ruwa, a unguwar Harborland. Ina tsaye a dandamalin ina tuna yadda Baba yake kawo sunan Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan reluwe na Najeriya, da yajin aikin 1945, labarin da shi ma ya gada daga manyansa a wurin aiki. Yakan faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa, irin ta girmamawa. Mutanen da suka yi wancan gwagwarmaya a Kobe, wasunsu ta wannan dogo suke zuwa aiki.

Washegari na tashi auta tun da duhu. Bayan sallar asuba muka fito, sanyin Nuwamba yana cizon kunne, ƙarfe 7:30 muna Hiyogo.

Lungun jiya da ba kowa ya zama kogi. Duk jirgin da ya tsaya a sama, daga wajen Akashi ko daga wajen Osaka, sai ya zubo mutane, su gangaro matakala, su bi ta ƙofofin nan, kowa ya ɗora katinsa inji ya yi ɗan ƙara. Ƙarar nan da takun takalma su kaɗai kake ji. Maza ne mafi yawa, da baƙaƙen riguna masu kauri da jaka a goye, akwai masu furfura, akwai samari da ba su daɗe da barin makaranta ba, da mata jefi-jefi. Ba mai ture wani, ba mai gudu, amma kuma ba mai tsayawa. Kowa ya san ƙofar taragon da zai shiga, domin ya san ta inda zai fita a can. Jirgin yanzu fari ne kalar azurfa, samfurin 207, tarago 6. Muka shiga muka tsaya, jakar wani a ƙirjina, kafaɗar wani a bayana.

Kusa da ni wani mutum ne da zai yi shekara 50, ya riƙe madauri da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma da ƙunshin abincin rana, an ɗaure shi da ƙyalle mai zanen furanni, an yi masa ƙulli biyu a sama. Ƙofa tana rufuwa ya lumshe ido. Jirgin ya ja a hankali, ya lanƙwasa, katangar Kawasaki ta wuce, sai na ji ƙarar ƙafafun jirgi ta sauya, ta yi zurfi, ta yi amo. Gadar ce. Ruwa ya gilma ta taga, ƙarar ta koma yadda take. Mutumin bai buɗe ido ba sai da birki ya fara kamawa. Minti 4 ne ko ƙasa da haka. Na kalli ƙullin ƙyallen nan na ce a raina, wata ta tashi da asuba.

Da ƙofofi suka buɗe, muka matsa gefe muka bar su. Suka kwarara ta wuraren fitar nan na gefe, suka cika titi, suka tsaya a danja, ta ba su hannu suka tsallaka, ƙofar masana'anta ta haɗiye su. Ban duba agogo ba, amma ba a fi minti 2 ba dandamalin ya koma na jiya. Sai mu, da direba da ya fito daga wannan kai yana tafiya zuwa wancan, da jakarsa a hannu.

Muka koma ciki. A taragonmu mu biyu ne, sai wata tsohuwa da kwandon cefane. Kafin a tashi na ga ma'aikacin jirgin ya miƙa hannu da farar safa, ya nuna sigina da yatsa, ya faɗi wani abu da ƙarfi, ya nuna ƙofofi, ya sake faɗa. Ba wanda yake kallonsa. Ƙa'idar aikinsu ce, a nuna abu a kira sunansa don kada ido ya yaudari mutum, kuma yadda ya yi wa ɗaruruwan mutane ɗazu haka ya yi wa mu uku.

An so a kashe layin nan. Kwana 6 bayan an sa masa lantarki, ranar 7 ga Yulin 2001, hukumar birnin Kobe ta buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Kaigan, wanda shi ma yake da tasha a Wadamisaki, kuma yake aiki dukan yini. A 2011 birnin ya nemi JR West ya rufe tsohon layin. Hujjarsu, dogon ya raba unguwa biyu, gadar da aka kafe ta hana jiragen ruwa yawo a mashigin, ga shi kuma sabon layin nasu bai samu fasinja yadda aka zata ba. Mutanen unguwa suka rabu, wasu na so wasu ba sa so, maganar ta kwanta, jirgi ya ci gaba da tafiya. Na fahimci masu son a rufe, domin wanda yake zaune a wuri ya fi baƙo sanin inda yake masa ciwo. Amma ni zuciyata tana wajen mutumin nan mai ƙunshin abinci. Wanda ya taso daga garuruwan yamma a jirgin JR, saukowa kawai zai yi ya shiga wannan, da katinsa guda. In aka rufe, sai ya sauya kamfani, ya ƙara kuɗi, ya ƙara lokaci, kullum, safe da yamma, har ya yi ritaya. Masu zana taswirar gari ba kasafai suke lissafa irin waɗannan mintoci ba, alhali daga barcin mutum ake yankar su.

Sauran kwanakin auta ya zaga da ni inda ya ga ya dace. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, mafi tsufa a Japan, wanda ya tsira daga bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 17 ga Janairun 1995 da ta kashe mutum sama da 6,400. Mun hau dutse mun kalli gari da dare. Daga can sama ma idona ƙugiyoyin Wadamisaki ya nema, na kuma same su, da jajayen fitilu a kawunansu.

Ana jibi zan tafi, na koma ni kaɗai da yamma. Ban shiga jirgin ba, na bi ƙafa zuwa gadar. Rana ta faɗi da wuri, fitilun masana'anta sun zuba a kan ruwa. Wajen ƙarfe 6 ne, a gida kuwa ƙarfe 10 na safe, na san Inna ta gama lazimi tana zaune a tsakar gida. Na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi auta, ta tambayi sanyi, ta tambaya ko muna samun abin da za mu ci. Ina cikin amsawa ƙararrawar mararraba ta fara bugawa daga nesa. Na ce, "Inna, yi shiru ki ji wani abu." Na ɗaga wayar sama.

Jirgin ya fito daga wajen teku, tagoginsa duk haske, cike da mutane a tsaye. Ya hau gadar, ƙarfe ya amsa, tarago bayan tarago har shida, sannan ya shige tsakanin gidaje.

Na mayar da wayar kunne. Ba ta ce komai ba, har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Tashi suka yi daga aiki?"

Na ce, "E, Inna, gida za su."

Ta ce, "Allah ya kai su lafiya. Zai sake wucewa?"

Na ce mata yanzun nan zai sauke su ya juyo, akwai wasu suna jira. Ta ce to kada in kashe. Na gyara tsayuwa a jikin ƙarfen gadar, na sa ɗaya hannun a aljihu saboda sanyi, muka jira.